Kano zuwa Jidda: kurakuran lissafin lokacin jirgi

Duk lokacin Umara sai an maimaita abu ɗaya a filin jirgin Malam Aminu Kano: mutum ya zo da kaya da masu rakiya, a ce masa jirginsa ya tashi tun jiya. Kuma ba laifin kowa ba ne sai na karatun tikiti.

Matsalar tana cikin 00:30. Idan tikiti ya ce 00:30 ranar Juma'a, ana nufin sha biyu da rabi na daren da Alhamis ke wayewa Juma'a. Wato ranar Alhamis bayan Isha'i za ka bar gida. Mu da muke cewa "daren Juma'a" muna nufin daren Alhamis, bai kamata wannan ya ruɗe mu ba, amma shi ya fi cin kuɗin mutane. Wanda ya zo Juma'a da dare ya makara da yini guda cur. Kamfani zai rubuta bai zo ba, sau da yawa kuma tikitin dawowa ya bi ruwa tare da na tafiya. Haba Alhaji, ka biya kuɗi masu yawa haka, ka kasa zama minti biyu ka duba kwanan wata? Ni dai duk jirgin da zai tashi tsakanin 00:00 da 03:00, ranar da ta gabace shi nake rubutawa a takarda in liƙa a bangon fasfo.

Sai bambancin agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2, tana gaban Gana da awa 3, kuma kowane lokaci a tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne a miƙe, jirgi kuma yana cin kamar 800 zuwa 900 a awa, don haka tafiyar ba ta kai awa 5 ba idan hanya a buɗe take. Ka tashi 23:00, tikiti ya nuna sauka 05:30, sai ka ɗauka awa 6 da rabi ce. Cire 2. A dawowa kuwa ƙarawa za ka yi. Kuma ka faɗa wa mai ɗaukarka agogon da kake nufi.

Wannan lissafin ma ba ya tsayawa kullum, domin jirgi ba ya bin zaren da ka ja a taswira. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jirage suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Abin da ke tikitin ka bi, ba abin da maƙwabci ya tuna daga aikin Hajjinsa ba.

Mai bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ya haɗa da awannin jira. Ƙasa da awa 2 tsakanin jirage biyu ba na karɓa, kuma tikiti ɗaya nake saya, ba biyu daban ba.

Mil ba kilomita ba ne, ninka shi da 1.6. Alamar +1 kusa da lokacin sauka tana nufin washegari. Sauka Jidda kuma ba isa Makka ba ne: akwai layin shige da fice, jiran kaya, sannan kusan kilomita 100 a mota.