Yadda zaka cusa Raspberry Pi cikin tsohon akwatin Sega ba tare da ka kashe bod ɗin ba

Ƙanina ne ya ɗauko min gawar injin gem na Sega, Mega Drive 2, daga ƙarƙashin gadon tsohuwarmu a Mamobi nan Ankara ta Gana, yace Yaya wannan zai tashi kuwa? Na kwance sukuru na duba, bod ɗin ciki duk tsatsa, kyankyasai har sun yi jikoki a ciki, amma robar waje lafiyarta lau ko tsagewa babu. Shikenan nace masa injin dai ya tafi, amma gidan zamu sa masa sabon ɗan haya. Duk wanda ya taso a Nima ko Sabon Zango yana zuwa gem senta ya san baƙin akwatin nan, to abin da zamu yi shine mu sa ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi a ciki da RetroPie ko Batocera, manhajojin da ke kunna tsofaffin gem, daga waje Sega ne, ciki kuma Sonic da Contra da Mortal Kombat duk suna nan.

Kafin ka taɓa ayan ɗin soda ka auna. Ni bod ɗaya na kashe kafin na yarda da wannan maganar. Pi 3 da Pi 4 tsawonsu milimita 85, faɗi 56, wannan ba matsala bane akwatin zai ɗauka, wahalar tana wajen tsayi, saboda ramukan USB ɗin nan masu hawa biyu da ramin wayar intanet sun tashi sama kusan milimita 16, murfin Sega kuma yana gangarowa ta gefe, sai kaga komi ya zauna daidai kazo rufewa murfi yaƙi haɗuwa. Ka yanka kwali daidai girman bod ɗin ka riƙa yawo da shi a cikin akwatin har ka ga inda zai zauna. Awon tsayi kuma ga dabarata, kada kuyi dariya: ɗan curin tuwon zafi na ƙulla a leda na ɗora kan USB ɗin na rufe murfi a hankali, da na buɗe yadda ya baje ya nuna min sauran filin da ke tsakani. Cingam ma zai yi.

In awo ya nuna babu wuri, fara da robar akwatin. Akwai ginshiƙan sukuru da haƙarƙarin roba a ciki da tsohon bod ke zama kansu, yanzu basu da aiki, ka datse su da filaya ka goge da magagari. Ka cire farantin ƙarfen da ya lulluɓe tsohon bod shima, yana cin wuri kuma yana toshe Wi-Fi. Sau da yawa nan kaɗai magana ta ƙare.

In har yanzu bai shiga ba ka tambayi kanka ko dole sai babban Pi. Akwai Pi Zero 2 W da ya fito 2021, milimita 65 da 30 ne kawai kaman biskit, ƙwaƙwalwarsa 512MB, kuma gem ɗin Sega da Nintendo na da yana cinye su ba gargada. Akwai Pi 3 A+ shima, 65 da 56, USB ɗaya tal kuma ba ramin intanet, wato aikin da zaka sha wahala kayi da hannu sun riga sun yi maka daga kamfani. Ni da zan sake daga farko A+ zan saya in huta. Amma in 3 B+ ne a hannunka kaman yadda nake da shi, kuma ba sidin sayen wani, to sai tiyata.

Ga inda mutane ke kuka. Bod ɗin Pi hawa-hawa ne, akwai shimfiɗar tagulla a tsakiya da ke shanye zafi, dalmar da kamfani suka sa kuma marar gubar nan ce mai taurin narkewa, shiyasa zaka ɗora ayan minti guda abu ko gezau, sai haushi ya kama ka ka fara ja da ƙarfi, sai layin tagulla ya biyo ƙafar ya fito. Haka nayi da na farko, na haɗa da hura masa iska mai zafi har wasu ƙananan abubuwa a gefe suka zame ban ma lura ba. Hanyar da ta fi min ita ce ka sadaukar da ramin, kada kace sai ka cire shi da rai. Ɗauki filaya mai yanka ka ɓare gwangwanin USB ɗin kaɗan-kaɗan, ka fasa robar ciki, har ya rage ƙafafu tsirara a tsaye, kowane mai hawa biyu ƙafa 8 ne na waya da 4 masu kauri na riƙe jiki. Sai ka juya bod ka ƙara sabuwar dalma irin ta masu gyaran rediyo akan kowace ƙafa, tana gauraya da tsohuwar ta sa ta narke da wuri, ayan wajen digiri 350 zuwa 380, ka shafa fulos, man nan da ke sa dalma ta kama da kyau, kana narkawa kana zare ƙafa ɗaya-ɗaya da hantsaki. In ƙafa taƙi fitowa ka bari ta huce ka dawo, kada ka ja. Masu kaurin nan huɗu in sun gagara ka yanke su daidai fuskar bod ka barsu, basa hana komi. Dalma da fulos da waya duk akwai a Zongo Lane, ko ka leƙa wajen masu gyaran waya a Sakal, in hannunka na rawa ma ka basu su cire maka amma ka tsaya a kansu.

Da ka gama ka goge da sifirit, ka sa mitar awon wuta tsakanin 5V da ƙasa (GND), in tayi ƙara akwai inda dalma ta haɗe, kada ka kuskura ka bashi wuta sai ka gano wajen.

Yanzu USB ɗin da ka cire zaka maida shi da waya zuwa gaban akwati inda ramukan pad suke. Ja wuta ce 5V, baƙa ƙasa, fara da koriya su ke ɗaukar saƙo, waɗannan biyun ka murɗa su tare kaman igiya kuma kada suyi tsawo, in ba haka ba pad zai riƙa ɗaukewa ana tsakiyar faɗa. In kana son asalin pad ɗin Sega mai ƙafa 9 ka sayi adafta mai maida shi USB ka ɓoye a ciki ka manne bakin a tsohon ramin. Kada ka jona shi kai tsaye kan ƙusoshin GPIO, jerin ƙusoshin nan na gefen bod ɗin Pi, in baka san kan abin ba, su 3.3V suke ɗauka, 5V na iya ƙona su. HDMI da katin memori duk akwai ƴar wayar ƙari mai laushi kaman ribon, ka fito da su ta baya. Bod ɗin kuma ka ɗaure shi da sukuru M2.5 akan ƴan ƙafafun roba, gam mai zafi kaɗai ba zai riƙe ba, zafin Ankara sai ya sake shi wata rana kaji abu na yawo a ciki.

Wuta kuma, don Allah tsohuwar adaftar Sega ka ajiye ta gefe, tana bada 9 ko 10V, Pi kuma 5V yake ci, Pi 3 na son amfiya 2.5, Pi 4 na son 3. In kana sha'awar amfani da tsohon ramin wuta sai ka sa ɗan bod mai rage wuta a tsakani, ka saita shi kan 5.1 da mita tun kafin ka jona. Cajar waya ta bakin titi da aka rubuta mata 3A ƙarya ce yawanci, in kaga alamar walƙiya a kusurwar talabijin to wuta ce bata isa ba, ko cajar ko siririyar waya.

Ramin kaset kada ka toshe shi, nan iska ke fita. Manna ƙarfen sanyaya kan cif, ka sa ƴar fanka mai milimita 30, jar waya ƙusa ta 4 a jerin GPIO, baƙa ta 14. Ka rufe akwatin kayi wasa rabin awa sannan ka rubuta vcgencmd measure_temp a wajen rubuta umarni na Pi ya nuna maka zafinsa, in yana kusantar digiri 80 Pi zai fara rage gudu da kansa, sai ka ƙara huda a ƙasa inda ba'a gani.

Saura maɓallin kashewa, wanda nan garin namu da dumso, wato yawan ɗauke wuta, bai kamata ka tsallake ba, don zare wuta kai tsaye na lalata katin. Maɓallin Reset na Sega roba ce kawai a sama, ainihin makunnin yana jikin tsohon bod, to ka manna sabon ɗan makunni a ƙarƙashinsa, waya ɗaya ƙusa ta 5 ɗaya ta 6, ka buɗe fayil ɗin config.txt da ke cikin katin memori ka ƙara layin dtoverlay=gpio-shutdown. Danna ɗaya ya kashe kansa cikin ladabi, ka sake dannawa ya farka. Ɗaukewar wuta dai ba maganinta, shiyasa da ka gama zuba gem da saita pad ka kwafi katin gaba ɗaya ka ajiye a kwamfuta. Namu sau biyu yana lalacewa a damina ɗaya, duk sau biyun minti ashirin na maida shi, ƙanin nawa yana tsaye a kaina da pad a hannu yana tambaya Yaya ya gama?