Yadda ma'aikacin lafiya zai gane ƙyandar biri, ya ɗauki samfuri, ya kula da majiyyaci

Tun da ƙyandar biri ta sake ɓulla a Jihar Bayelsa cikin Satumban 2017, bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba a Najeriya, ba ta daina bayyana jefi-jefi ba, saboda haka duk wanda ke duba marasa lafiya, ko a babban asibiti ko a ɗakin shan magani na ƙauye, ya kamata ya riƙa sa ta cikin lissafi idan aka zo masa da ƙuraje.

Abin da ya fi rikitar da ma'aikata shi ne kamanninta da ƙarambau. Sai a shafa wuya da hamata da matsematsi, domin kaluluwa tana yawan fitowa a ƙyandar biri, ba safai kuma ake samunta a ƙarambau ba. Ƙurjin da kansa yana da tauri, ya kafu cikin fata, sau da yawa tsakiyarsa ta lotsa kamar cibiya, kuma yakan fito har a tafin hannu da tafin ƙafa. Tun daga ɓarkewar cutar a ƙasashen duniya a 2022 an ga majiyyata da yawa waɗanda ƙurjinsu ɗaya ne ko biyu, a al'aura ko dubura ko cikin baki, har akan ɗauka tunjere ne. Wannan wuri ba ya dubuwa a gaban jama'a. A keɓe majiyyaci, a tambaye shi cikin mutunci wanda ya cuɗanya da shi a kwana 21 da suka wuce, har da saduwa ta aure ko waninta, da ko ya taɓa naman daji, domin wanda aka kunyata ba zai faɗi gaskiya ba, ba kuma zai dawo ba.

Gwajin da ke tabbatar da cutar shi ne PCR, wanda ke gano ƙwayar halittar cutar a cikin samfuri, kuma nan ne aka fi yin asara, domin samfurin da aka ɗauka da sakaci yakan dawo da sakamakon ƙarya. Jini ba shi da amfani sosai, tunda ƙwayar cutar ba ta daɗewa a cikinsa. Daga jikin ƙurjin ake ɗauka. Bayan sanya safar hannu da rigar kariya da tabarau da takunkumi, sai a ɗauki tsinken gwaji mai kan nailan ko foliyesta, ba na auduga ba, a goga shi da ƙarfi a saman ƙurjin ana jujjuyawa. Kada a huda ƙurji da allura ko reza, domin babu buƙata, kuma an samu ma'aikatan da suka kamu ta hanyar sukar irin wannan allura. A ɗauka daga ƙuraje biyu a wurare daban-daban, idan kuma sun bushe, ɓawon ma samfuri ne mai kyau, amma a sa shi cikin kwalbarsa daban. A rubuta suna da kwanan wata da wurin da aka goga. Cikin awa ɗaya a sa samfurin a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salsiyas, inda zai iya kai kwana 7. Idan zai wuce haka sai a daskarar da shi. Inda wuta ba ta tsayawa, akwatin sanyi irin na allurar rigakafi da ƙanƙararsa zai wadatar, muddin ba a haɗa shi da magunguna ba.

Ba a jiran sakamako kafin a kai rahoto. A sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma nan take, ko a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta lambar waya 6232, su ne za su shirya kai samfurin ɗakin gwaji, kamar na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja. A kuma yi wa majiyyaci tayin gwajin HIV, domin waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni sun fi shiga haɗari, haka ma ƙananan yara da masu juna biyu.

Game da magani, gwajin da aka yi wa tecovirimat, wani maganin da aka yi fatan zai kashe ƙwayar cutar, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wanda sakamakonsa ya fito a 2024, ya nuna bai gaggauta warkewar ƙuraje ba, amma mace-mace sun yi ƙasa a cikin waɗanda suka samu kyakkyawar jinya. Jinyar ita ce maganin: a rage zafi da farasitamol, a ba da ruwa da abinci mai laushi, a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a tsaftace ƙuraje, kuma kada a ba da maganin kashe ƙwayoyin bakteriya sai an ga gyambo ya yi mugunya. Ido na buƙatar kulawa ta musamman, domin ƙurji a kusa da shi na iya jawo makanta, don haka da an ga ja ko ciwo a tura wa likitan ido.

Mai sauƙin ciwo zai iya jinya a gida, a ɗakinsa shi kaɗai, da kwanonsa da shimfiɗarsa, kuma a gargaɗi iyali kada su kakkaɓe zanin gado ko su yi busasshiyar shara. Zai ci gaba da zama a killace har sai ɓawon ya zube sabuwar fata ta fito, abin da kan ɗauki mako 2 zuwa 4, su kuma waɗanda suka cuɗanya da shi a bi sawunsu tsawon kwana 21.