Yadda Ake Rainon Sabon Ma'aikaci Har Ya Tsaya da Ƙafarsa

Takardar shaidar kammala karatu ba ta koya wa matashi yadda zai lallashi abokin hulɗa da ya shigo a fusace, ko yadda zai gane daga ƙarar inji cewa wani abu ya fara lalacewa. Irin wannan sani a bakin aiki ake samun sa, kusa da wanda ya riga ya iya. Abin da yake damuna shi ne yadda ma'aikatu da dama suke ɗaukar ɗan koyo, su nuna masa kujera, sannan su bar shi da aike da kwafar takardu har wa'adinsa ya cika, a ƙarshe kuma a ce yaran yanzu ba su da himma. Wannan bayani na shugaban sashe ne, da ubangidan sana'a, da duk wani babban ma'aikaci da aka danƙa wa sabon shiga.

Aikin yana farawa tun kafin ɗan koyon ya zo. A rubuta yarjejeniya da za ta fayyace tsawon lokacin horo, da abubuwan da ake so ya iya idan ya gama, da sa'o'in aikinsa, da abin da za a riƙa biyan sa. A shekarar 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da shawara mai lamba 208 a kan koyon sana'a mai inganci, wadda ta nemi a riƙa rubuta irin wannan yarjejeniya, a biya ɗan koyo abin da ya dace, horon kuma ya kai shi ga shaidar da aka yarda da ita. Maganar biya tana da muhimmanci, domin horon da babu ko sisi a cikinsa yana rufe ƙofa ga duk wanda iyayensa ba za su iya ɗaukar nauyinsa na watanni ba, alhali sau da yawa shi ne ya fi kowa bukatar damar.

Daga nan a ware mutum guda, a faɗi sunansa, a ce shi ne zai koyar da wannan matashi. Idan aka ce kowa zai taimaka masa, babu wanda zai taimaka. A kuma rage wa mai koyarwar wani abu daga nauyinsa na yau da kullum, domin wanda aiki ya sha wa kai zai gwammace ya karɓe aikin ya yi da kansa cikin minti goma a kan ya zauna sa'a guda yana kallon wani yana laluben hanya. Ba lallai ba ne wanda ya fi kowa ƙwarewa ya fi kowa iya koyarwa. Wani gwanin hannunsa ya san aikin, amma bakinsa ba zai iya bayyana shi ba.

Babban abin da ya kamata mai koyarwa ya zauna ya yi wa tunani shi ne jerin da zai bi wajen miƙa aikin. A shekarun 1970 wata masaniya mai suna Jean Lave ta yi nazari a kan teloli 'yan ƙabilun Vai da Gola a birnin Monrovia na ƙasar Laberiya, ta lura cewa 'yan koyonsu daga ƙarshen aiki suke farawa. Sabon shiga yana soma da ɗinkin maɓalli da kalmasa da guga, daga baya ya hau keke, yanka yadi kuwa shi ne na ƙarshe, duk da cewa shi ne farkon abin da tela yake yi idan zai ɗinka riga. Hikimar a fili take. Maɓallin da aka ɗinka a karkace ana warware shi a sake, amma yadin da almakashi ya ɓata ya tafi ke nan. Bugu da ƙari, wanda ya daɗe yana riƙe riga da ta kusa kammaluwa ya riga ya san siffar da ake nema, saboda haka ranar da aka ba shi almakashi ya san dalilin kowace lanƙwasa. Wannan tsari yana aiki a kowace sana'a. Mai koyon aikin akanta ya fara da daidaita rasit da abin da aka shigar a littafi kafin a bar shi ya haɗa rahoton shekara. Mai koyon rubuta manhajar kwamfuta ya fara da gyara ƙananan kurakurai a cikin abin da wasu suka rubuta. Mai koyon aikin jarida ya fara da tantance sunaye da alƙaluma a labarin wani. Sharaɗi ɗaya ne a nan: aikin ya zama na gaske, wanda wani yake jira, amma kuskure a cikinsa ba zai jawo asara mai yawa ba. Da zarar hannunsa ya faɗa a wannan mataki, a ɗaga shi zuwa na gaba, kada a bar shi yana guga shekara biyu don kawai ya iya guga.

Game da koyar da kowane aiki guda, akwai hanyar da aka tsara a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masana'antu suka cika da sababbin ma'aikata, wadda daga baya kamfanonin Japan irin su Toyota suka ɗauka. Da farko a kwantar wa mai koyo da hankali, a binciki abin da ya riga ya sani. Sannan a yi aikin a gabansa daki-daki, ana nuna wuraren da aka fi yin tuntuɓe. Sai shi ma ya yi, yana faɗin abin da yake yi da bakinsa, ana gyara masa nan take. A ƙarshe a bar shi shi kaɗai, a gaya masa wanda zai tambaya, ana leƙa shi akai-akai, ana rage leƙen sannu a hankali. Mataki na uku ne aka fi tsallakewa. Tambayar "ka gane?" ba ta da amfani, domin kunya za ta sa ya ce ya gane, abin da ya dace a ce shi ne, "yi in gani."

Ban da mai koyar da aiki, yana da kyau a haɗa shi da wani babba wanda ba shi ne yake rubuta rahoton aikinsa ba. Akwai tambayoyin da matashi ba zai yi wa shugabansa ba: ko ya dace da wannan layi, yadda zai nemi ƙarin girma, yadda zai zauna da abokin aikin da yake raina shi. Zama na sa'a guda a wata ya isa, muddin an sa rana kuma ba a ɗage ta. Matashin ne zai zo da tambayoyinsa, babban kuma ya fi yawaita sauraro a kan ba da labarin zamaninsa, ya riƙe sirrin abin da ya ji, ya kuma ambaci sunan yaron a inda ake rabon dama.

A keɓe lokacin karatu a cikin sa'o'in aiki, kada a bar shi sai dare bayan gajiya. A Jamus ɗan koyo yana raba makonsa tsakanin kamfani da makarantar koyon sana'a, horon kuma yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku da rabi. A Ingila, dokokin da aka fito da su a 2017 sun shardanta a wancan lokacin a ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na lokacin aikin ɗan koyo don horo. Ƙaramar ma'aikata ma za ta iya ba da rabin yini a mako.

Idan ya yi kuskure, a gaya masa a ranar, a keɓe, a nuna ainihin abin da ya faru da yadda ake gyara shi. Wanda aka tsawata wa a gaban jama'a ɓoye kuskure zai koya, wannan kuwa ya fi kuskuren kansa haɗari.

Wanda ya zo sanin makamar aiki na 'yan makonni ba zai bi duk waɗannan matakai ba, don haka a ba shi aiki guda da zai fara ya gama, ya gabatar da shi da kansa. Mai dogon horo kuwa, idan ya rage masa wata biyu ko uku, a gaya masa gaskiya ko akwai gurbi ko babu, domin ya fara nema da wuri. A sa shi ya koya wa sabon shiga ɗaya daga cikin ayyukan da ya fara da su, mai koyarwa yana gefe yana sauraro, domin a nan ake ganin giɓin da ya rage a saninsa. Takardar shaidar da za a rubuta masa kuma ta lissafa ayyukan da ya yi, da na'urorin da ya sarrafa, da abin da aka bar shi ya yi ba tare da sa ido ba, a sa hannun wanda ya koyar da shi da hanyar da mai ɗaukar aiki zai tuntuɓe shi.