Kurakuran da sababbin likitoci ke yi a kan kaluluwar cikin ƙirji

Kowane ɗalibin likitanci ya iya laluba kaluluwar wuya da ta hammata, amma ta cikin ƙirji, wadda hannu ba ya kai gare ta, a kanta ake maimaita kurakurai iri ɗaya kowace shekara. Tana zaune ne rukuni-rukuni: a ƙofar huhu inda reshen bututun iska da jijiyoyin jini ke shiga, a ƙarƙashin mararrabar da bututun ya rabu biyu, sannan a gefe da gefensa har zuwa gindin wuya.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali a kan yara ake yin sa. Za a kawo ɗan shekara uku yana rama, ga zazzaɓi, ga shessheƙa a gefe guda na ƙirji, sai a ɗaga hoton ƙirjinsa a ga huhu fes, a ce asma ce. A jikin ƙananan yara tarin tibi yakan fara bayyana ne a kaluluwar ƙofar huhu da ta ƙarƙashin mararraba, kuma da yake bututun iskarsu siriri ne mai taushi, kumburin yakan danne shi. Gwajin majina sau da yawa ba ya nuna komai, domin ƙwayoyin cutar kaɗan ne, yaron kuma haɗiye majinarsa yake yi. Ni ba na sallamar irin wannan yaro sai an ɗauki hotonsa ta gefe, kuma sai na tambayi mahaifiyarsa, “Maman yaro, wa ke tari a gida?”

Ga manya kuwa akasin haka ake yi: duk kumburi tibi ne. An taɓa turo mini wani dattijo mai shan taba wanda ya shanye maganin tibi na wata 6, muryarsa a dishe tun daga farko, ba wanda ya tambayi dalili. Kaluluwar da ke ƙarƙashin lanƙwasar babbar jijiyar jini ce ta danne jijiyar murya ta hagu, kuma sankarar huhu ce ta riga ta yi nisa. Wannan sakaci ne. Yawan tibi a Najeriya ba ya ba kowa izinin mantawa da limfoma (sankarar kaluluwa) da sakoidosis (cutar da ke kumbura kaluluwa da huhu, wadda ba tibi ba ce kuma ba sankara ba) da sauran sankara. Al'adata ita ce, idan gwaji bai tabbatar da tibi ba kuma aka yi wata 2 babu sauƙi, sai na nemi hoton CT (wanda ke nuna cikin jiki yanki-yanki) da ɗebo nama don gwaji, amma kafin nan nakan laluba saman ƙashin wuya, domin idan akwai kaluluwa a nan ta fi sauƙin ɗiba.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Ƙofar huhun hagu ta ɗan fi ta dama zama sama a hoton mai lafiya, kada a kira wannan ciwo. Hoton da aka ɗauka majinyaci a karkace yana kumbura gefe guda a banza. Inuwar taimos (wata gaɓar garkuwar jiki da ke bayan ƙashin ƙirji) a ƙirjin jarirai ba kaluluwa ba ce. Ma'aunin santimita 1 a CT, wanda idan kaluluwa ta wuce shi ake cewa ta girma, jagora ne kawai, ƙarama na iya ɗauke da sankara, babba kuma ta zama kumburi ne kawai ba sankara ba. Sashen ƙasa na huhun hagu yakan zubar da ruwan da ke bi ta kaluluwa ta ƙarƙashin mararraba zuwa kaluluwar dama, don haka sankarar wannan sashe ba a gama bincikenta sai an duba ɓangarorin biyu.