Yadda Ake Tara Tsofaffin Littattafan Katun, a Auna Lafiyarsu, a San Kuɗinsu

A watan Afrilun 2024 kamfanin gwanjo na Heritage da ke Dallas a Amurka ya sayar da wani siririn littafin katun a kan dala miliyan 6. Littafin shi ne Action Comics na 1, wanda ya fito a 1938 da farashin senti 10 a bangonsa, kuma a cikinsa Superman ya fara bayyana. Duk wanda ya ji wannan labari sai hankalinsa ya koma kan tsohuwar adakar da ke ƙuryar ɗaki. To, a rage buri. Akasarin tsofaffin littattafan nan ba su kai kuɗin cefanen yini guda ba, domin tsufa kaɗai ba ta sa wa littafi kuɗi. Abin da ke sa masa kuɗi shi ne wane littafi ne takamaimai, wane hali yake ciki, sannan nawa aka biya a kan irinsa kwanan nan. Wanda ya iya amsa waɗannan da idonsa ba a cika cutarsa ba, ko saye zai yi ko sayarwa.

Mataki na 1: Ka zaɓi fagenka

Masu harkar sun kasa littattafan Amurka zamani-zamani. Na zinariya ya faro daga 1938 zuwa tsakiyar shekarun 1950. Na azurfa ana fara ƙirga shi daga Showcase na 4 a 1956, inda aka sabunta jarumin nan Flash, zuwa wajen 1970, sai na tagulla har tsakiyar shekarun 1980.

Dalilin tsadar na farkon shi ne ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. A kan takardar jarida mai arha aka buga su, yara suka karanta suka yayyaga, iyaye suka share, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka riƙa tattara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su. Action Comics na 1 an buga wajen kwafi 200,000, amma waɗanda ake jin sun rage ba su wuce ɗari ba. Kwatanta da X-Men na 1 na shekarar 1991: ya haura kwafi miliyan 8, kowa ya saya ya sa a leda yana jiran ranar arziki. Yau da 'yan daloli za ka same shi fes, saboda kowa yana da nasa.

Don haka kada ka ce komai za ka tara, aljihu ba zai ɗauka ba. Ka tsaya kan jarumi ɗaya, ko mai zane ɗaya, ko wasu 'yan shekaru. A cikin fagen ka haddace lambobin da ake rububi, wato inda wani jarumi ko mugu ya fara fitowa: Detective Comics na 27 (1939) ga Batman, Amazing Fantasy na 15 (1962) ga Spider-Man, Incredible Hulk na 181 (1974) ga cikakkiyar fitowar Wolverine ta farko. Lambar da ke gaba da su da wadda ke baya sau da yawa ba su kai ko kusa da kuɗinsu ba.

Akwai kuma na kusa da gida, waɗanda a ganina sun fi cancantar ɗan Najeriya ya nema. Powerman ya fara fita a Najeriya a 1975, kuma Dave Gibbons da Brian Bolland ne suka zana shi tun kafin su yi suna a duniya. Ga African Film mai Lance Spearman, wanda da hotuna aka shirya shi maimakon zane, ga Ikebe Super na Wale Adenuga. Waɗannan ba su da tsayayyen farashi irin na Amurka, amma samun mai lafiya a cikinsu aiki ne ja.

Mataki na 2: Ka tabbatar da bugun

Kafin ka dubi lafiyar littafi, ka san ko shi ɗin ne. Buɗe shafin farko ka duba ƙasa, ko cikin bangon gaba. Akwai wasu 'yan layuka da ƙananan haruffa masu ɗauke da cikakken sunan littafin, lambarsa, wata da shekara, da kamfanin da ya buga. Nan gaskiyar take, bango yana iya yaudara.

A 1974 kamfanin DC ya sake buga Action Comics na 1 a cikin jerin Famous First Edition. Akwai waɗanda suka riƙa cire bangon waje su miƙa wa mutane a matsayin na asali. Girmansa ke tona shi, don ya fi na 1938 tsawo da faɗi nesa ba kusa ba. Wata alama mai sauƙi: zanen layukan nan na farashi da na'ura ke karantawa bai hau bangon katun ba sai wajen 1976. In ka gan shi a littafin da aka ce maka na 1962 ne, ciniki ya ƙare.

Farashin bango ma shaida ne. Yawancin littattafan kamfanin Marvel na 1962 senti 12 ne. Za ka iya cin karo da wanda aka rubuta 9d, wato nai a tsohon lissafinmu na sisi da taro. Wannan ba jabu ba ne, a Amurka aka buga shi tare da sauran don kasuwar Ingila, sai dai farashinsa yakan bambanta. Daban yake da mujallun mako-mako da Marvel ta fara bugawa a Ingila a 1972, waɗanda maimaicin tsofaffin labarai ne.

Mataki na 3: Duba shi da natsuwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ake gane gwani. Wanke hannu ka busar, share tebur, kawar da shayi da lemo. Ka nemi haske mai kyau.

Fara da bango a kwance. Karkata shi kaɗan hasken ya kwanta a kansa, sai ka ga lanƙwasa da lotsawar yatsa da ba a gani in an dube shi kai tsaye. Bambancin da za ka riƙe shi ne tsakanin lanƙwasar da ta tsaya a takarda da wadda ta fasa launi har fari ya fito. Ta farko ana iya miƙar da ita, ta biyu ta zauna har abada. Bi gefen ɗinki daga sama zuwa ƙasa kana ƙirga ƙananan tsagun da ke gicciye, waɗanda yawan buɗewa ke haifarwa. Dubi kusurwoyi huɗu: masu tsini ne, ko sun dakushe sun zama kamar kunnen ɓera ya ci? Juya bangon baya, domin mutane suna mantawa da shi, ga shi kuwa yawanci fari ne, datti ba ya ɓuya.

Sai wayoyin ɗinki guda biyu. In sun yi tsatsa, duba ko ta bi takarda ta bar jan tabo. Ɗaga bangon a hankali ka ga ko yana riƙe a duka biyun. Haka takardar tsakiya, ita ce ta fi saurin ɓallewa.

Yanzu ƙirga shafuka, kada ka yi ƙyuya. Littafin zamanin azurfa yawanci shafi 32 ne ban da bango, wato ganye 8 kafin ka kai waya a tsakiya, 8 bayanta. Na farkon zamanin zinariya 64 ne. Kowane shafi ka dube shi, har na talla, saboda yara sun sha yanke takardun cikewa su aika a kawo musu kayan wasa. Misalin da ya fi shahara shi ne Hulk na 181. A wancan lokacin Marvel tana buga wani ɗan kan sarki a cikin littattafanta don yara su yanka su tara. Sai ka ga littafi bangonsa na sheƙi, ka buɗe ciki ka tarar da rami mai kusurwa huɗu, kuɗinsa kuwa ya zube warwas.

Daga nan launin takarda. Fara ita ce gaba, sai mai ɗan duhu, sai ruwan madara, sai ruwan ƙasa. Wadda ta bushe har gefenta na marmashewa in an taɓa ta riga ta mutu, ko bangon ya yi kyau. Ka shinshina kuma. Warin rima yana nufin ruwa ya taɓa shi ko da tabon bai fito ba.

Mataki na 4: Ba shi maki

Ma'aunin da aka fi bi ya tashi daga 0.5 zuwa 10. Mai 9.4 zuwa sama kamar yanzu aka ɗauko shi daga shago, sai an ƙura ido a ga aibi. Mai 8.0 an karanta shi sau ɗaya ko biyu da kula. Mai 6.0 ya sha hannu amma yana da kwarjini. Mai 4.0 ya ji jiki: lanƙwasa, ɗan yagewa, dakusassun kusurwoyi. Mai 2.0 ya galabaita amma cikakke ne ana iya karantawa. Ƙasa da haka akwai abin da ya ɓace ko ya rabu. A tallace-tallace za ka ga an taƙaita su da haruffa: NM, VF, FN, VG, GD, a jere daga 9.4 zuwa 2.0.

Littafin da ka ba maki, in naka ne, rage masa ɗaya. Mai kaya kullum idonsa na yi masa kara.

Mataki na 5: Kada ka gyara, kuma ka gane wanda aka gyara

In da abu ɗaya za ka ɗauka daga rubutun nan, to wannan ne. Kada ka manna salatef a yagewa, kada ka cike farin tabo da alƙalamin maka, kada ka datse gefe da reza don ya miƙe. Duk wannan kwaskwarima ce a wurin masu saye, kuma littafin da aka yi wa ita yakan faɗi ƙasa da wanda aka bari da raunukansa. Salatef ma da shekaru sai ya zama ruwan ƙasa ya ci takardar.

In kai ne mai saye, duba bayan bango daga ciki. Tawadar da aka ɗiga daga baya takan ratsa ta fito, ta asali ba ta yin haka. 'Yar tocila mai hasken shuɗi irin ta duba jabun kuɗi tana taimakawa wajen nuna gam da sabon fenti. Wanda ake zargin an datse, ɗora shi a kan ɗan'uwansa na wannan shekara ka gwada. Dannewa da na'urar zafi don miƙar da lanƙwasa ba a lissafa ta cikin kwaskwarima, amma aikin ƙwararru ne. Dutsen guga na gida ƙona littafi zai yi.

Mataki na 6: Shin a aika wa masu tantancewa?

Kamfanin CGC da ke Sarasota a jihar Florida ya fara wannan aiki a 2000, CBCS ya biyo baya a 2014. Suna duba littafi, su ba shi maki, su rufe shi cikin gidan roba mai ƙarfi. A wurin CGC launin takardar da ke sama yana magana: shuɗi lafiyayye ne ba gyara, ruwan hoda mai duhu irin na shunayya an yi masa kwaskwarima, kore akwai wani babban aibi guda kamar yankakken kan sarkin nan, rawaya kuma sa hannun marubuci ko mai zane ne da aka shaida.

Amfaninsa shi ne wanda ke wata ƙasa zai saya bai taɓa ba. Amma ka yi lissafi tukuna: kuɗin aikin, kuɗin aikawa zuwa da dawowa, inshora, kwastan, duk da dala. Littafin dala 30 ba ya ɗaukar wannan. Kuma da zarar an rufe shi ba sauran karatu, abin da ni dai ban ga daɗinsa ba ga littafin da ba na sayarwa ba.

Mataki na 7: Nemo farashin gaskiya

Kowane ɗan kasuwa ya san kuɗin da mai kaya ya yanka daban, wanda aka sallama daban. A shafin cinikin intanet na eBay kowa na iya rubuta dala dubu goma a kan shara. Ka tace binciken ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kawai. Heritage na da rumbun tsofaffin cinikinsa, shafukan GoCollect da GPAnalysis suna tattara na wurare da yawa. Kundin Overstreet, da ke fita tun 1970, ya fi amfani wajen sanin tarihin littafi da lambobin da ake nema, don kasuwa takan riga shi tafiya.

Nemi ciniki uku ko huɗu na 'yan watannin nan, masu maki daidai da naka, ka ɗauki na tsakiya. Kada ka auna naka mai 3.0 da labarin jarida. Amazing Fantasy na 15 da ya kai dala miliyan 3.6 a 2021 mai 9.6 ne, kuma a saman ma'auni ɗan bambancin maki kan ninka kuɗi. Wanda ba a rufe ba yakan yi ƙasa da rufaffe. Cire la'adar dillali da kuɗin aikawa, abin da ya rage shi ne naka. In wani ya taya kwali guda a dunƙule, ce masa albarka har sai ka zauna ka tsame masu daraja.

Mataki na 8: Ajiya

Fitattun littattafan da wani mai suna Edgar Church ya tara, waɗanda aka gano a birnin Denver na Amurka a 1977, sun yi suna ne saboda sun shekara da shekaru a wuri mai sanyi, busasshe, ba haske. Yanayinmu akasin haka ne, sai an dage. Kowane littafi a ledarsa, da kwali marar sinadarin asid a bayansa, a jera su a tsaye cikin akwati ba a matse ba. Ledar Mylar ta fi daɗewa, ta roba mai arha sai an riƙa canzawa bayan 'yan shekaru. Wajen ciro littafi, cire salatef ɗin bakin ledar gaba ɗaya tukuna, don ya sha kama bango ya ɗaye launi.

Kada akwatin ya taɓa ƙasa ko bango saboda gara da rima, kada ya kwana a ƙarƙashin kwanon rufi inda zafi ke dafa takarda. Da damina jefa 'yan ƙullin sinadarin tsotse danshi irin na cikin kwalin takalmi, ka sabunta su in sun jiƙa. Da hunturu a rufe saboda ƙura. Wanda kake son ratayewa a bango, ɗauki hotonsa ka buga ka rataya, domin hasken rana yana kashe ja da rawaya. Duk wata ka buɗe akwatin ka ɗaga na ƙarshe-ƙarshe, ta can gara ke farawa.