Darasi na Tara: Sojojin Jiki, Ciwon Daji da Maganin Kashe Ciwo

A cikin jinin kowane mutum akwai fararen ƙwayoyi da ake kira sojojin jiki, kuma aikinsu bai tsaya ga yaƙar cututtukan da ke shigowa daga waje ba. Idan wata ƙwayar halitta ta lalace ta fara hayayyafa babu ƙaidi, wanda shi ne mafarin ciwon daji ko sankara, su ne ke fara tare ta. Akwai waɗanda likitoci ke kira NK, da aka gano a 1975, masu manne wa lalatacciyar ƙwaya su huda ta, su zuba mata dafin da zai kashe ta. Akwai ƙwayoyin T, masu gane lalatacciyar ƙwaya su kai mata hari, sannan akwai manyan ƙwayoyi masu haɗiye gurɓatattu, waɗanda ake kira makurofaj.

Ƙwayoyin da ke da ikon kisa irin wannan za su illata lafiyayyen nama idan ba a taka musu birki ba, shi ya sa jiki yake da sinadaran da ke kwantar da su, kuma furostagilandin yana cikinsu. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Ulf von Euler, shi ya raɗa masa suna a 1935. Jiki ba ya ajiye shi. Yana haɗa shi nan take daga kitsen da ke jikin ƙwayoyin halitta ta hanyar wasu sinadarai biyu, COX-1 da COX-2, ya yi aikinsa a wurin, sannan ya lalace cikin ɗan lokaci. Kowa a ajin nan ya san aikinsa ko da bai taɓa jin sunansa ba, domin yana da hannu a zugin maruru, da zazzaɓi, da ciwon marar mata, da naƙuda, kuma shi ke kare bangon ciki daga tsamin da ke narka abinci, ya taimaka wa jini shiga ƙoda.

Irin furostagilandin da ya fi shafar darasinmu shi ne PGE2. Sojojin jiki suna da wuraren da yake maƙalewa, musamman biyu da ake kira EP2 da EP4, kuma da zarar ya maƙale sai ƙarfinsu ya ragu: ƙwayoyin NK su yi sanyi wajen kai hari, ƙwayoyin T su rage yawaita, saƙon da ke kiran sauran sojoji zuwa wurin ya yi rauni. Tun wajen 1980 masu bincike suka lura cewa makurofaj da kansa yake fitar da wannan sinadari bayan ya harzuƙa, ya kwantar da kansa da shi, kuma idan aka hana shi haɗa sinadarin yakan daɗe yana kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji. Abin takaicin shi ne sankara tana cin moriyar wannan tsari. Sau da yawa ƙarin hanji, da na mama, da na huhu suna cike da COX-2, suna kwarara PGE2 a kewayensu, kamar ɓarawon da ya koyi busa usur ɗin da ake sallamar 'yan sintiri da shi. Sinadarin yana kuma taimaka wa ƙarin ya samu sababbin hanyoyin jini.

A 1971 wani Bature ɗan Ingila, John Vane, ya nuna cewa asfirin yana aiki ne ta hanyar hana jiki haɗa furostagilandin, kuma ya samu kyautar Nobel a 1982 tare da wasu masana biyu. Haka ibufurofen da daikulofenak suke aiki. An ga asfirin ya rage sankarar hanji ga wasu mutanen da suka gaji haɗarinta, bisa kulawar likita. To amma wani bincike kan tsofaffi fiye da 19,000 a Ostireliya da Amurka, wanda aka fitar a 2018, ya nuna shan asfirin kullum bai tsawaita lafiyarsu ba, sai ma ƙarin zubar jini. Saboda haka kada kowa ya ɗauki waɗannan ƙwayoyi a matsayin riga-kafi ko maganin sankara.

Wannan gargaɗi ya shafe mu ƙwarai. Ɗan garuwa ko lebura ya tashi aiki jiki ya yi tsami, ya biya kemis ko wurin mai tallan magani a tasha, a ƙulla masa ƙwayoyi kala-kala a 'yar leda babu suna, ya kora da shayi cikinsa babu komai, gobe ma haka. Gyambon ciki da ciwon ƙoda sukan biyo baya, kuma bayan gida baƙi ƙirin mai wari alama ce ta jini na zuba a ciki. Mai juna biyu kada ta sha sai da izinin likita, yara kuma ba a ba su asfirin. Mafi muni, maganin yana danne ciwo alhali ƙarin yana girma. Wadda ta ji ƙululu a mama, ko mai ganin jini a bayan gida, ko mai ramewa babu dalili, ya je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Tarayya na Daura a duba shi, ya kuma faɗa wa likita duk abin da yake sha.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zo da kwalin maganin kashe ciwo da ke gidansu. Za mu karanta sunan da ke jikinsa da ranar lalacewarsa, mu rubuta a littafi, sannan mu ware masu hana haɗa furostagilandin gefe guda.