Yadda Sabon Mai Bi Zai Kafu Bayan Sabuwar Haihuwa

A sura ta 3 ta Bisharar Yohanna, Yesu Almasihu ya shaida wa Nikodimu, wani shugaban Yahudawa wanda ya zo wurinsa da dare, cewa sai an sāke haihuwar mutum kafin ya ga Mulkin Allah. Wanda ya tuba ya ba da gaskiya yana bukatar reno kamar jariri.

Sai sabon mai bi ya fara da karanta Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito tun 1932. A ganina, kuskure ne sabon mai bi ya soma daga Littafin Farawa yana neman kaiwa ƙarshe, domin da yawa sukan gaji da sun shiga dokokin hadaya. Gara ya ɗauki Bisharar Markus, wadda surori 16 ne kawai, ya karanta sura guda kowace asuba kafin hayaniyar gida ta tashi, ya rubuta ayar da ta shige masa duhu a ƙaramin littafi, ya kai wa fasto ko wani dattijon ikilisiya ranar Lahadi. Addu'a ta biyo bayan karatun, ko da gajeriya ce.

Sannan ya shiga ajin baftisma, ya tambayi tsarin ikilisiyarsa, domin a ikilisiyar ECWA (Evangelical Church Winning All) ana nutsar da mutum cikin ruwa, a EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nigeria) kuwa sau uku ake nutsarwa. Idan akwai bashin da ya danne ko wanda ya zalunta a baya, ya je ya biya, ya nemi gafara kafin ranar baftisma.